Yadda Ake Musun Faɗuwar Bango Bayan Kowa Ya Gani

Ɗan'uwa, in gwaninka na dambe ya sha ƙasa a bainar jama'a, kai kuma bakinka ya riga ya yi maka tsawo tun kafin a fara wasan, to kwantar da hankalinka, ka iso wurin da ya dace. Matakai bakwai na tanadar maka. Ka bi su daki-daki, na ba ka tabbaci kafin mako ya zagayo babu mai iya ce maka uffan, shi kuwa wanda ya yi nasarar zai tashi da yabon da bai cika cokali ba. Ba a littafi na karanto ba. A jikina na gwada, a nan Jakara, gaban shaidu.

Sunana Auwalu, sana'ata wankin hula. Shekara talatin da biyu ke nan ina zama bayan la'asar a benci ɗaya, a bakin lungunmu, kafaɗa da kafaɗa da abokina Ilu mahauci. A majalisar nan ni ne masanin damben boksin, musamman ajin masu nauyi. Ba wanda ya naɗa ni, amma ba wanda ya taɓa musawa, sai shi Ilu.

Ga abin da ya faru. Akwai 'yan dambe biyu na can ƙetare da sunayensu na yanka ba sa shiga bakinmu, sai majalisa ta raɗa musu nata. Mai riƙe da kambu muka sa masa Bango: dogo, ƙirji kamar ƙofar zaure, wasa talatin ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Wanda zai kara da shi muka sa masa Randa: gajere, tumbi a gaba, ya doshi shekara arba'in, an ci shi sau bakwai. Ran Asabar Ilu ya ce, "Ni dai ƙafar Randa nake kallo, a dashe take. Shi kuma Bangon naka in ya gaji yana sauke hannun hagu."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Wallahi tallahi, in wannan tulun ya kayar da Bango, na bar zama a bencin nan har abada!" Mutum tara suka ji ni.

Ran Lahadi da yamma muka cika gidan kallon Sani. A turmi na shida, wato zagaye na shida, Randa ya sako hannun dama, Bango ya zube warwas, rafali ya ƙirga goma.

To ka ga inda na tsinci kaina. Ko in bar bencin, ko in ci gaba da zama in yi kaffarar rantsuwa, ko kuwa in tabbatar wa duniya cewa ba Randa ne ya kayar da shi ba. Biyun farko na masu raunin zuciya ne. Ta ukun ita zan koya maka.

Mataki na 1: Gyara fuskarka kafin a ɗage labule

Kada ka gudu. Wanda ya sulale daga gidan kallo ya amsa laifinsa ke nan. Zauna daram, ka harɗe hannu, ka riƙa gyaɗa kai a hankali irin na wanda da ma ya san za a yi haka. In aka juyo ana kallonka, ka ja dogon numfashi ka ce, "Hmm. Akwai magana." Kada ka faɗi maganar, don a lokacin kai ma ba ka san ta ba.

Abokin musunka zai yi tsalle. Nawa dai ya yi: dattijo ɗan shekara hamsin da takwas, ya haye benci yana ihu, yana rungumar mutanen da bai sani ba, hularsa da ni na wanke ta faɗa ƙarƙashin ƙafafu. Kada ka yi fushi. Ka ja rigarsa cikin tausayi ka ce, "Ilu, sauko haka, hawan jininka." Daga nan ka nuna wa jama'a waye mai hankali a cikinku.

Mataki na 2: Nemo wa gwaninka ciwo

Lafiyayyen gwani ba ya faɗuwa. Tunda ya faɗi, ba shi da lafiya, kuma aikinka ne ka gano abin da ke damunsa, don likitocin can ba za su faɗa ba. Zaɓi ciwon da mutanen unguwa suka sani. In ka ce tsokar kafaɗa ce ta goce, za a ce ka kawo takarda. In ka ce basir ne ko shawara, kowa zai yi shiru, don kowa yana da ɗan'uwan da suka taɓa kwantarwa.

Ni shawara na zaɓa. Ran Litinin na zauna a gefen bencin, rabin mazaunaina a waje saboda tsoron Allah, na ce, "Ku ba ku lura da idon Bango ba? Rawaya shar. Shawara ce ta ci jikinsa."

Sani mai gidan kallo ya ce, "Baba Auwalu, ai talabijin ɗin ce kalarta ta lalace. Kowa rawaya ne a ciki, har rafali."

Na ce, "To ka ji! Har rafalin ma ba shi da lafiya. Wannan shi ne wasa?"

Ka lura da yadda na karɓi hujjarsa na mayar da ita tawa. Masana sun tabbatar hujja ba ta da uban gida, duk wanda ya fi ɗaga murya shi take bi.

Mataki na 3: Ka ce naushi ɗaya ne

Wannan shi ne ginshiƙi. Ka manta da turmi biyar na farko gaba ɗaya, kamar ba a yi su ba. Ka ce Randa ya rufe ido ne ya wurga hannu, Allah ya sa haɓar Bango tana wucewa ta wajen. Kalmar da za ka riƙe ita ce sa'a. Faɗe ta da safe, faɗe ta da yamma, faɗe ta ko ana hirar farashin taki.

Matsalar ita ce a kowace majalisa akwai mutum ɗaya da ya kalli wasan da idonsa maimakon da zuciyarsa. Ilu ya miƙe tsaye, ya tattare hannun riga, ya ce, "Haba Auwalu, ji tsoron Allah. Turmi biyar mutumin nan yana dukan haƙarƙari. Me ya sa? Don hannun ya sauko ya tare ciki. Da ya sauko, haɓa ta buɗe. Wannan shiri ne, ba sa'a ba. Ni da nake fiɗa na san inda haƙarƙari yake ciwo."

Duk abin da ya faɗa haka yake, shi ya sa ba za ka bari ya kai ƙarshe ba. Ka kalli sama ka tambaya ko an kusa kiran magariba. Ka tsayar da mai rake. Ka tuna cewa ka bar huluna a rana. In ka dawo ka ce, "Yauwa, ina muka tsaya? A kan sa'ar nan ko?"

Mataki na 4: Zubar da gwanin naka da hannunka

Na san da zafi. Ni ma shekara shida hoton Bango yana manne a shagona, sama da katakon da nake kifa huluna. Amma ka tuna abin da ake karewa, bencinka ne, ba Bango ba. Shi ko sanin kana duniya bai yi ba.

Ran Talata ka ɓare hoton tun da sassafe, ka zo majalisa ka ce, "Ni fa da ma na daɗe ina faɗa, Bango ya ƙare. Ƙafa ta mutu, numfashi babu. Duk wanda aka turo masa ranar nan zai kayar da shi, ko Ilu ne." Ma'anar a fili take: ture abin da ya riga ya ruɓe ba bajinta ba ce.

Wani mai neman fitina zai ce, "To ba kai ne ran Asabar ka ce ba a haifi mai kayar da shi ba? Jiya kuma ka ce shawara ce." Kada ka ji kunya. Ka dube shi sama da ƙasa ka ce, "Shekararka nawa?" Duk amsar da ya bayar, ka ce, "Shi ya sa." Ba dole ba ne hujjar Litinin ta san da zaman hujjar Talata, kowacce ranarta daban.

Mataki na 5: Ka kama rafali

Ari wayar Sani, ka sa ya nemo maka faifan wasan, ka tara mutane. A daidai inda Bango ya zube, ka ce kowa ya yi shiru za ka ƙirga da kanka, ƙirge na mutunci, ba irin na rafalin da yake sauri kamar ya bar tukunya a wuta ba.

Ka ce ɗaya. Ka gyara zama. Ka ce biyu. Ka amsa sallamar mai wucewa, ka tambaye shi jikin mahaifiyarsa. Ka ce uku. Da wannan ƙirgen nawa na kai takwas daidai lokacin da Bango ya miƙe. Gaskiya ne mutum biyu ne suka ɗaga shi, an riga an ɗaura wa Randa kambu, ana ta ɗaukar hoto, amma takwas takwas ce.

Ilu ya ce, "Da irin ƙirgen nan naka, ai ko sa na yanka zai tashi kafin ka kai goma."

Jama'a suka yi dariya. Ka yi tare da su, ka fi kowa ƙarfi. In dariyarka ta fi ta kowa, wanda ya zo daga baya ba zai san da wa ake yi ba.

Mataki na 6: Yi hattara da malamai da matan gida

Zuwa ran Laraba zuciyarka za ta fara yi maka ƙaiƙayi, don rantsuwa da sunan Allah ba wasa ba ce, kuma kana ta zama a bencin, yanzu ma da mazaunai duka biyu. Za ka so ka tambayi malami. To ka tambaya, amma da sunan wani.

Bayan azahar na tare Malam Kabiru, limamin masallacin lungunmu, na ce, "Allah gafarta Malam, wani abokina ne ya rantse zai bar wani wuri in aka kayar da wani mutum. To mutumin ya faɗi, amma akwai saɓani tsakanin masana kan ko kayar da shi aka yi."

Malam ya ce, "Abokin nan naka, ba shi ne yake wanke mini hula ba?"

Na ce suna kama.

Ya ce, "Ka ce masa na ga faifan a wayar ɗana. An kayar da mutumin, kayarwa mai kyau. Ya ciyar da miskinai goma ya koma bencinsa. In ba shi da hali ya yi azumi uku. Kuma ya rage rantsuwa a kan ƙattin da ba su san shi ba."

Ka ga illar tambaya ke nan. Ka yi godiya ka tafi, ka ce a ranka fannin Malam fiƙihu ne, ba dambe ba.

A gida abin ya fi muni. Matata Talatu ta riga ta ji komai daga matar Sani. Ina shiga ta ce, "Baban Shamsiyya, in jiƙa wake?"

Na ce, "Na me?"

"Na kaffara mana. Kwano goma ne fa, ba raƙumi aka ce ka soke ba. Shinkafa da wake, mai da yaji, kafin la'asar na gama."

Kada ka yarda. Mata ba sa hango abin da ke ciki. Gidana a ƙuryar lungu yake, duk kwanon da ya fita sai ya bi ta gaban bencin. Kwano goma, ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana shelar cewa Ilu ya fi ni sanin dambe. Azumin ma ba mafita ba ne, don ranar da aka miƙo mini shayi na ce a'a, an gane. Na ce mata ta bar waken a buhu. Ta ce, "Allah ya shirye ka," ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Mataki na 7: Ka gama da mutumin da ya sani

Duk matakan baya share fage ne. Muddin akwai mutum ɗaya a majalisa da ya san dambe da gaske, maganar ba za ta mutu ba. Kuma ka shirya, don ba da faɗa zai zo maka ba. Da alheri zai zo, wanda ya fi faɗa haɗari.

Ran Alhamis Ilu ya iso da ƙunshin balangu mai zafi, ya buɗe shi a tsakaninmu, ya ture mini ɓangaren mai kitse, don ya san shi nake so. Ya sassauta murya ya ce, "Auwalu, ni ban ce ka bar bencin nan ba. In ka bar shi da wa zan yi musu? Ka yi kaffararka, ni zan kawo naman da za a ɗora a kai. Abu ɗaya kawai nake so. Ka ce Randa ya iya. Shekara ashirin ana dukansa ana yi masa dariya, rana ɗaya ya samu, ka bar masa ita."

Wallahi na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, kalma biyu ce kawai, ya iya. A nan ne ragwaye suke faɗuwa. Kai haɗiye ta, ka nemi inda abokinka ya fi taushi. Ka san wurin, ai shi ya sa yake abokinka.

Ga na Ilu. Yana saurayi ya yi damben gargajiya kamar yawancin 'ya'yan mahauta. Bai yi suna ba, an fi kai shi ƙasa fiye da yadda ya kai wasu. Amma rana ɗaya, da kaka, a wani fili bayan Ƙofar Ruwa, aka haɗa shi da wani gagarumi da ake kira Bahagon Tudu, wanda shekara huɗu gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A turmi na biyu Ilu ya shimfiɗe shi. Lokacin babu waya, babu hoto. Makaɗan da suka yi masa kiɗa sun rasu, 'yan kallo sun watse cikin duniya. A duk Jakara mutum ɗaya ne ya rage da ya gani da idonsa, ni. Duk sanda Ilu ya ba samari labarin, da abu ɗaya yake rufewa: "Ga Auwalu nan, yana wajen." Ni kuma in ce, "A gabana aka yi."

To na ɗauki yanka ɗaya na balangun, na tauna a natse, na ce yadda kowa zai ji, "Ilu, sai yanzu na gane abin da ya sa kake kare Randa. Jirgi ɗaya ne ya kwaso ku. Kai ma ranar nan ai santsi ne ya kwashe Bahago. An yi yayyafi, ƙafarsa ta zame, hannunka ko kunnensa bai taɓa sosai ba. Shekara talatin ina rufa maka asiri."

Ka lura da gwanintar. Da kaka ake dambe, bayan an cire amfanin gona, ƙasa a bushe ƙamas, ina aka samo yayyafi? Amma samarin majalisa a gidan kallo suka san dambe, ba su san wannan ba. Ni kuwa daga inda nake tsaye ranar nan na ji ƙarar naushin, har yau tana kunnena.

Samari suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Kai, Baba Ilu, ashe santsi ne!"

Ilu bai kalle su ba, ni ya kalla. Ya ce, "A gabanka aka yi fa, Auwalu."

Na ce, "Shi ya sa nake faɗa."

Sannan ya goge hannunsa a gefen riga, ya sa takalmansa, ya yi wa majalisa sallama. Naman ma bai ɗauka ba.

Daga ranar babu wanda ya ƙara tayar da zancen rantsuwata. An samu sabuwar hira. Randa ya koma mai sa'a a bakin kowa, ni kuma ina nan a bencina, ban fitar da ko kwano ɗaya ba. Kwana biyar kacal, kamar yadda na yi maka alkawari, har da ragowar kwana biyu.

Kafin ka gwada, karanta wannan

Marubucin waɗannan matakai ya yi alkawarin nasara a musu, kuma ya cika. Abin da ya biyo baya ba ruwansa.

Ba ruwansa in yaran mahauta suka fara kiran dattijo ɗan shekara hamsin da takwas da suna Santsi a tsakiyar kasuwa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ci gaba da yankan namansa. Ba ruwansa in hulunan abokinka suka koma hannun wani mai wanki a Ƙofar Dawanau, wanda ko sitaci bai iya sawa ba. Ba ruwansa in matarka ta riƙa ajiye maka abinci ba tare da ta zauna ba. Ba ruwansa in ka faɗi magana a majalisa kowa ya ce haka ne, ka sake faɗin kishiyarta kowa ya ce haka ne, ka rasa wanda zai ce maka ƙarya kake.

Haka kuma marubucin ba zai amsa tambaya kan kaffara ta biyu ba. Ya riga ya kai wa Malam Kabiru, da sunan abokin nan nasa mai kama da shi. Malam ya ce ta rantsuwa kwano goma ce har yanzu, amma wannan ɗayar ba a biyanta da shinkafa. Sai mutum ya taka da ƙafarsa, ya tsaya a gaban waɗanda suka yi dariyar, ya ce ba a yi yayyafi ba. Marubucin yana nazarin fatawar, yau mako uku.

Jiya bayan la'asar Ilu ya biyo ta gaban majalisa da tiren nama a ka. Tun daga nesa na matsa gefe na bar wuri, don kawai ƙafata ta yi tsami. Ya tsaya, ya ɗan russuna, ya ce, "Malam Auwalu, barka da yamma. Ya iyali?"

Tun muna samari bai taɓa ce mini Malam ba. Na ce lafiya lau, ya ce madalla, ya wuce. Wannan ma marubuci bai ɗauki alhakinsa ba.